Shekarar da Aka Yi Shari'a a Kanmu

Shekaranjiya na shiga kasuwa neman atamfar sunan jikata. Mai shagon ya warware turmi ya karkaɗe, ƙanshin sitaci da rini ya bugi hancina, sai na tsaya kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta. Haka Babanmu yake ƙanshi idan ya taso daga masaƙa. A ɓangaren rini yake aiki, kuma duk wankin da zai yi, shuɗi ba ya barin ƙarƙashin faratansa.

A Makera muke lokacin, cikin gidan haya mai ɗakuna jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Mu huɗu ne a ciki da falo: Baba, Mama, ni, da ƙanena da bai daɗe da barin nono ba. Ina aji biyu na firamare. Shekarun nan ne da ake bin layi kafin a sami madara da sabulu, kuma a cikinsu ne masaƙa ta rage ma'aikata, ragin ya haɗa da Baba.

Kada ka tambaye ni abin da ya raba su, don har yau ban sani ba. Ban taɓa jin sun ɗaga murya ba. Abin da na lura da shi kawai, hira ta ɗauke a ɗakinmu. Mama ta ajiye masa tuwo ta koma gefe, shi kuma ya ci yana kallon bango. Wata rana cikin bazara, lokacin da mangwaro ya cika bakin titi, na ji mata a bakin famfo suna cewa auren ɗakin ƙarshe ya mutu. Na ƙirga ɗakunan da ido. Namu ne na ƙarshe.

Na ruga na leƙa, sai na tarar da Mama tana tankaɗe kamar kullum. Washegari ma tana nan, haka wata ya wuce, wani ya kama. Baba ya koma kwana a shagon wani abokinsa tela, amma yakan aiko da cefane. Na ce a raina matan nan ba su san abin da suke faɗa ba. Sai da na girma na gane idda take yi. Ba wanda ya ga dalilin yi wa yarinya bayani. Ranar da ta cika, ruwan farko ya riga ya sauka, wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gida aka loda gado da kwanuka da mu. Muka haye gada, kogi ya yi ja yana tafe da ciyayi, muka sauka a Unguwar Sanusi, gidan mahaifiyar Mama da muke kira Kaka.

Gidan Kaka na ƙasa ne da rufin kwano, da bishiyar gwaiba a tsakiya. Ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa, saboda haka komai na gidan ƙanshin gyaɗa yake, har zannuwan rufa. Na ɗauka hutu muka zo. Kayan makarantata ma ban fitar da su daga leda ba.

Ba mu yi nisa da zuwa ba yayan Baba, wanda muke kira Baffa, ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni kuwa ina bayan ƙyaure ina ɓarar gyaɗa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Inna, maganar yara ce ta kawo ni. Yara na uba ne, kowa ya san haka. Babbar zan tafi da ita wajen iyalina a gida. Ƙaramin a bar shi ya ƙara ƙwari."

Kaka ta ce, "Uban nasu ne ya aiko ka, ko kai ka aiko kanka?"

"Ni da shi ai duk ɗaya ne."

"To, ka gaishe shi. Yarinya tana nan."

Garin da Baffa ke kira gida ban taɓa zuwa ba. Na san dai tafiyar yini ce a mota, kuma can aka haifi Baba.

Daga ranar na zama abin magana. Duk wanda ya shigo gidan yana da hukuncinsa, kuma kowa da tabbaci yake faɗa. Malamin da ke koya mana karatu da yamma ya gaya wa Kaka cewa a littafi riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta shiga ɗakin miji, ci da sha da sutura kuwa a wuyan uba suke. Wata dattijuwa mai sayen ƙuli ta ce sam, da yaro ya shekara bakwai ubansa ke ɗauka, a garinsu haka aka yi wa kowa. Ni kuwa na riga na wuce bakwai. Sai ga tsohuwar maƙwabciyarmu ta Makera ta zo duba Mama. Kirista ce daga kudancin jiha, tana sayar da doya a kasuwar Kakuri. Ta ce a wajensu dangin da suka biya sadaki su ke da yara, nata uku ma suna ƙauye tun da ta bar ubansu, sai Kirsimeti take ganin su. Ta kuma ce ta ji wai a babbar kotu ba a duba uwa ko uba, inda yaro zai fi jin daɗi ake dubawa. Ta riƙe hannun Mama ta ce, "Ke dai kada ki sake su, ko me za a ce miki."

Nakan kwanta ina jera maganganun nan ina neman wadda za ta zauna. Idan ta Malam ce, ina nan. Idan ta mai sayen ƙuli ce, tun bara ya kamata a ce na tafi. Idan ta maƙwabciyarmu ce, sai an tambaye ni inda nake jin daɗi, ni kuwa ɗakinmu na Makera nake so, wanda aka riga aka ba wasu haya.

Da Baffa ya ga Kaka ba ta da niyyar sauka, ya sa Baba ya kai ƙara kotun yanki. Kaka ta ce ya yi kyau, su ma sai su nemi a yanka masa ciyarwa. Daga nan kalmar ta cika gidan. Wa ke ciyarwa? Mutumin da ba shi da aiki, da me zai ciyar? Tun da suka zo, ya kawo ko mudu ɗaya? Ni ban san ciyarwa sunan wani haƙƙi ba ne a shari'a. Abin da na fahimta shi ne ana rigima a kan abincin da nake ci, kuma saboda shi za a tsayar da Baba gaban alƙali. Na tuna yadda nake neman ƙarin tuwo a Makera bayan an sallame shi daga aiki, sai kunya ta rufe ni.

Na fara rage ci. Idan an zuba mana, sai in ci loma kaɗan in tura wa ƙanena sauran. Koko da safe in ce cikina na ciwo. Mama ba ta lura ba, don ita ma ba ci take ba. Kaka ce ta kama ni wata rana da hantsi, tana tuyar ƙuli, ta miƙo mini mai zafi na ce na ƙoshi.

"Me kika ci da kika ƙoshi?"

Na juya zan fita.

"Zo nan. Tun yaushe kike haka?"

Na ce mata idan na daina ci da yawa, ba sai an kai Baba kotu ba.

Ta sauke kaskon daga wuta, abin da ba ta yi ko baƙo ya yi sallama. Ta juyo gare ni ta ce, "Ko cokali ɗaya kike ci a yini, maganar nan sai an yi ta. Ba cikinki ake aunawa ba. Manya ne suka rasa yadda za su yi da junansu." Ta dama mini fura ta zauna a gabana har na shanye. Na yarda da ita rabi da rabi. Abin da na sani shi ne daga ranar ba a ƙara faɗar kalmar a gabana ba, sai dai in shigo ɗaki a yi tsit, wanda ya fi na da ban tsoro.

Yaran unguwa kuma suka ƙara mini wani. Suka ce alƙali zai tsayar da ni a tsakiya ya ce in nuna wanda na fi so, wanda ban nuna ba kuwa ba zan sake ganin sa ba har abada. Na yi ta gwadawa a bayan ɗaki. In ɗaga hannu wajen Mama, sai in ga Baba yana saka mini takalmi ranar da ya fara kai ni makaranta. In juya wajensa, sai in ji kukan ƙanena. Daga ƙarshe na yanke shawarar zan nuna su duka biyu, hannu ɗaya kowa, ko da za a doke ni.

Ranar shari'a tsakiyar damina ce. Kotun ɗaki ne mai faɗi da bencina, maza gefe, mata gefe. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya rame, bai kalli inda muke ba. Ana kiran ƙararmu ruwa ya kece. Rufin kwano ne babu silin, sai ya zama bakin mutane kawai nake gani yana motsi. Baffa ya yi magana mai tsawo yana nuna ni. Kaka ta yi tata gajeriya. Aka tambayi Baba wani abu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina neman aiki." Wannan kaɗai na ji sosai.

Sai alƙalin ya yafito ni. Dattijo ne mai tabarau, ya duƙo don in ji shi. Na ɓoye hannuwana a baya, a shirye.

"Ajinki nawa?"

Na ce biyu, amma tun da muka tashi ban koma ba.

Ya ɗago ya dubi ɓangaren maza, ya dubi na mata, ya ce, "Duk cikinku ba wanda ya faɗa mini wannan." Ya ce in koma in zauna.

Shi ke nan abin da aka tambaye ni. Ya yi bayani mai tsawo da ruwa ya cinye, aka tashi. A baranda Baba ya durƙusa ya gaida Kaka, ya ɗauki ƙanena ya ɗan riƙe shi, ya shafa kaina, ya shiga ruwan ba lema. Mu kuma muka koma gidan Kaka. A mota na tambayi Mama wa ya ci. Ta ce in yi shiru.

Sati na zagayowa aka sa ni a makarantar unguwar. Baba ya fara zuwa ƙarshen wata da masara a bayan keke, wani lokaci da sabulu, wani watan kuma ba ya zuwa sam. Ba ya wuce zaure. Mukan zauna gefensa ya tambaye mu karatu, in hira ta ƙare ya yi ta kallon ƙofar cikin gida. Daga baya ya sami gadi a wajen Rido, kusa da matatar mai, zuwan nasa ya daidaita.

Na fara sabawa ke nan Mama ta yi aure a Tudun Wada. Na haɗa kayana a leda tun kafin a ce in haɗa. Da yamma mata suka zo suka tafi da ita, mu aka bar mu. Kaka ta ce haka shari'a ta ce, idan uwa ta yi aure riƙo ya koma hannun uwarta. Baffa ya sake dawowa da maganarsa, ta tura shi wajen Malam, bai ƙara zuwa ba. Wannan ne ya fi ɗaure mini kai. Mutum biyu sun je har gaban alƙali a kanmu, ga shi ba wanda muke kwana gida ɗaya da shi a cikinsu. Ƙanena ya koma wajen Baba da ya isa shiga sakandare. Ni a gidan Kaka na zauna har aka kai ni ɗakina.

Yanzu abubuwa sun canja. Ana kiran lauya a rediyo a tambaye shi wa ke da riƙo, wa ke biyan kuɗin makaranta, ya amsa dalla-dalla. 'Yan mata na duba waya su gaya maka haƙƙinsu kafin su je kotu. Ina jin daɗin haka, ko da yake har yanzu ban ji wanda ya kira ya tambayi me za a gaya wa yaron ba.

Kafin Baba ya rasu na tambaye shi hukuncin da aka yanke ranar. Ya ce alƙali ya ba shi mu, shi ne ya bar wa Kaka don tausayi. Kaka kuwa har ta koma ga Allah tana cewa ita ta kayar da su. Mama tana wajena yanzu, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Kwanan baya ina shafa mata mai a ƙafa na ce ta gaya mini gaskiyar abin da alƙalin ya ce.

Ta janye ƙafarta ta gyara zama. Sannan ta ce, "Wallahi ban ji ba. Ina ta kallon ƙofa ne, ina lissafin ta inda zan bi da ku in an ce a karɓe ku. Da na ga an tashi ba wanda ya taɓa ku, sai na kama hannunku muka fito. Tsoro ya hana ni tambaya, kada a ce kuskure aka yi."

Na ce, "Har yau ba ki tambaya ba?"

Ta ce, "Wa zan tambaya? Duk sun tafi."