Gurbi na Goma Sha Bakwai

Shekarar da na dawo Funtua daga aiki a kudu, ɗakin da ke bayan gidanmu ya zama ofishina. Ni da kwamfuta da fanka mai ƙugi. Abokan da muka taso tare sun zama 'yan kasuwar hatsi, idan na fara ba su labarin aikina sai su riƙa duba waya. Da na ga haka na bar ba su, na kuma rage fita.

Wata ƙungiyar manoma ce ta ba ni aiki. Tarakta ɗaya gare su, kuma duk damina sai an yi rigima kan wanda za a fara yi wa haro. Na rubuta musu manhaja: manomi ya danna lambobi a ƙaramar wayarsa, sunansa ya shiga layi, direba ya bi layin daga sama zuwa ƙasa. Don kada saƙonni su yi cunkoso, na raba aikin karɓa gida huɗu, kamar magatakarda huɗu masu rubutu a takarda guda. Na gwada ya fi sau ɗari da wayata, saƙo ɗaya bayan ɗaya, ban ga matsala ba. Har da ɗan ɗaga kafaɗa na yi ranar da na miƙa aikin.

Mako uku bayan ruwan shuka shugaban ƙungiyar ya kira ni. Ya ce wani dattijo Bamaguje daga wajen Gozaki ya zo da ƙorafi. Wayarsa ta nuna masa an karɓi sunansa, amma tarakta ta yi gonakin maƙwabtansa ta wuce tasa. Ya ƙara da cewa magana ta fara yawo, wai ni na cire shi saboda ba ya salla. Na ji zafin wannan ƙwarai, har na ɗaga wa shugaban murya, alhali shi bai yi mini komai ba.

Kwana huɗu ina neman ɓarakar. Na karanta abin da na rubuta layi-layi, komai daidai. Na aika saƙo, ya shiga. Na sake aikawa, ya shiga. Babu wanda zan ce wa zo ka duba mini, wataƙila idona ne ya gaji. Mahaifiyata takan turo ƙofa ta ajiye kwanon tuwo, ta dube ni ina magana da allo, ta fita.

A rana ta biyar na bar karanta manhajar, na koma kan lokutan da saƙonnin suka shigo. Kusan duk na ƙauyen dattijon a cikin mintoci kaɗan suka zo, da sassafe. Sai na tuna yadda mutanenmu suke. Ba mai neman tarakta sai ruwa ya sauka ya tona ƙasa da hannu ya ga ta jiƙu. Kuma a ƙauyen wuri ɗaya ake samun sabis, kan tudun bayan masallaci. Ana idar da Asuba suka haura gaba ɗaya, kowa da wayarsa.

Magatakardana biyu sun karɓi saƙo a daƙiƙa guda. Kowanne ya duba layin, ya ga gurbi na goma sha bakwai ba kowa. Na farko ya rubuta suna ya aika da amsar an karɓa, na biyu ya rubuta nasa a kai. Ni kuwa tun farko ni kaɗai nake gwaji, ta ina biyu za su yi karo? Na haɗa wata 'yar manhaja da ke watso saƙonni a tare, nan take sunaye suka fara ɓacewa a gabana. Gyaran bai kai rubutun layi biyar ba. Na sa makulli: wanda zai rubuta sai ya riƙe shi, sauran su jira har ya gama.

Kafin in rufe kwamfutar na duba sunan da ya hau kan na dattijon. Na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda yake noma a can.

Washegari na hau mashin na tafi. Na sami dattijon a gonarsa yana saran ciyawa da fartanya, shi da matarsa. Masarar maƙwabta ta kai gwiwa, tasa ko rabi bai shuka ba. Ya ba ni inuwa, matar ta kawo ruwa. Na yi masa bayanin takarda guda da masu rubutu biyu, na ce kuskurena ne, kuma na gyara. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba wanda ya yi mini tun da na dawo gida.

Ya ce shi ma ya ga taron a kan tudu ran nan, don ya riga su hawa. Sannan ya tambaya, "To, ɗana, sunan wa aka rubuta bisa nawa?"

Na yi niyyar cewa na'ura ba ta nuna ba, ba kuma wanda zai ƙaryata ni. Na ce, "Na kawuna ne, Baba."

Ya daɗe yana kallona, bai yi fushi ba. Ya ce ya gode da na tako har gona, in gaida gida. Ya ɗauki fartanyarsa ya koma inda ya tsaya.

Da damina ta zagayo layin ya yi aiki lafiya lau, ba sunan da ya ɓace. Kullum da safe nakan buɗe shi in bi daga sama har ƙasa. Har aka ɗauke ruwa dattijon bai aiko da sunansa ba.