Gyaran da na yi wa lambar Kawu

Shekarun baya can, tun Razdan, babban Baturen lardi, na zuwa rangadi Wurno a yi ta share hanya kwana uku, na yi wani aikin kirki da har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Ni maƙerin fari ne. Zobe, awarwaro, 'yan kunne, su ne abincina. To ina da kawu, yayan mahaifiyata, tsohon soja da ya yi yaƙin Jamus a Kamaru. Yana da lambar azurfa mai kan Sarkin Ingila, kuma daidai kumatun Sarkin akwai wata lotsawa. Kawu ya ce harsashin Bajamushe ne, da ba don lambar ba da tuni ya zama ƙasa. Duk mai hankali ya san sai an gama yaƙi ake raba lamba. Amma Kawu na da sanda, don haka babu mai hankali ko ɗaya daga Wurno har Rabah.

Ana jibi Razdan zai iso, za a jera mazan jiya gabansa, kuma kowa ya sani lotsawar nan ita ke sa Kawu a farkon layi, sai ga Kawun a maƙerata fuska a murtuke. Allurar da ake soke lambar a riga ta karye.

"Ɗan nan, ka gyara ta. Kuma in ka ƙona ƙyallen lambar, ni da kai sai gaban alƙali."

Na warware ƙyallen na ajiye gefe. Na ja sabuwar allura, na goge da magagari, na liƙe da sinadari, ta zauna daram. Da nan na tsaya da na mutu da mutuncina. Amma ku kun san al'adarmu: ko mai albasa in ka saya sai ya ɗora maka gyara. Na dubi kumatun Sarki a lotse, na ce ai kawuna ne, bari in yi masa gyara. Bugu biyu da masaba, gudumarmu ta maƙera, na goge da toka. Sarkin Ingila ya fito sumul kamar ango.

Da Kawu ya dawo ya juya ta gaba, ya juya ta baya. Na tsaya ina jiran albarka.

"Ina harsashina?"

"Kawu, ai gyara na yi maka."

"Gyaran allura nic ce, ba gyaran kasuwa ba! Mi nay yi maka? Jamus sun kasa kashe ni, kai ka kashe ni da masaba biyu!"

Ihun da ya yi, na rantse awakin Dinawa sun ji. Ya ce in maida harsashin inda na same shi, kuma ba ya tashi sai ya gani.

Jama'a, na yi shekaru ina fidda lotsawa daga ƙarfe, ban taɓa koyon sa ta ba. Na buga da kan ƙusa, ya ce wannan cizon ɓera ne. Na daidaita, na sake bugawa, ya ce ya yi hagu, Bajamushen daga dama ya harbo. Na uku ya ce ta yi zurfi, da haka ne da bai rayu ba. Yini guda cur, zoben amaren mutane na jira, ni ina nan ina harbin Sarkin Ingila, wani tsoho na gaya mini ban iya saiti ba. Kuma azurfar sai ƙara sirancewa take. Na san in na ƙara biyu za ta huje.

Washegari da azahar ya tafi masallaci, ya bar ni na dafe kai. Sai ga matarsa ta shigo da taɓarya a hannu, tsohuwa mai ƙarancin magana, mu Inna muke ce mata.

"Miƙo nan. Ɗauko min turmin gidanku da tsakuwa ƙarama."

"Inna, turmi kuma?"

"Kai dai ɗauko. Shekarar da anka ba shi ita, cikin turmina ya ɓoye ta don kada yara su taɓa, bai hwaɗa min ba. Na zuba gero na kai taɓarya. Bajamushen da kaka ji, ni ce."

Ta kwantar da lambar cikin turmin, ta aza tsakuwa kan kumatun Sarki, ta watsa gero tafi guda. Bugu ɗaya. Ta hure, ta miƙo mini, ta gyara lulluɓinta.

"In ka hwaɗa mishi, ban yahe ba."

Kawu ya dawo ya ɗaga ta a hasken rana, ya daɗe yana kallo, ya shafa da babban yatsa. Sai na ga idon tsohon ya kawo ruwa.

"Yauwa. Haka harsashi ka shiga. Ashe kana da hannu, iskanci ne ya yi maka yawa."

Ya tsaya farkon layi ranar zuwan Razdan, ƙirji waje, allurata ba ta motsa ba. Razdan ya daɗe gabansa fiye da gaban kowa, tafinta na fassara har ya gaji.

Ban buɗe baki ba sai yanzu da duka biyun sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Abin da ke ba ni haushi har gobe shi ne, allurar nan da na liƙe ba wanda ya taɓa yaba ta, ga ta kuwa har yanzu ba ta karye ba. Amma lotsawar, mutane suka dinga zuwa daga Goronyo suna cewa ni ne maƙerin da ya iya harbin Jamus. Duk aikin da na yi a duniya, wanda ya fi yi mini suna taɓaryar Inna ce ta yi shi.