Ƙofar lorina da masabar Kawu

Shekarar da aka samu mulkin kai na sayi lorina na farko, tsoho ne, amma injinsa lafiya lau. Ina ɗaukar shinkafa da albasa daga Bagudo zuwa bakin iyakar Dahome, in dawo da gishiri. Wata rana kusa da Bahindi wani bijimin Fulani ya firgita, ya kai wa ƙofar direba karo. Ta lotsa, ta daina rufuwa.

Kawuna, wan mahaifiyata, maƙeri ne, kuma shi ya rene ni. Duk garmar da ke noma a unguwarmu daga hannunsa ta fito. Da ya ga ƙofar ya ce a kwance ta a kai masa maƙera. Na san ba aikinsa ba ne. Ban iya ce masa a'a ba.

Maƙeri abu ɗaya ya sani: ƙarfe in ya ƙi, a ƙara masa duka. Haka ya yi. Amma jikin mota ba garma ba ne, falle ne siriri, kowane bugu ƙara masa faɗi yake. Lotsawar ta tashi, sai wurin ya kumbura. Ka danna ya faɗa ciki, ka saki ya dawo da ƙara kamar gindin tsohuwar tasa. Masu zaman bakin maƙera suka yi dariya.

Kawu ya ajiye masaba ya ce, "Hannuna ya mutu. Ku kai garemaninku wani wuri."

Wuta ba ta sake tashi a maƙerar ba. Ƙofa ana iya samun wata. Kawu ne nake tsoron rasawa, don na san in ya zauna ba zai daɗe ba.

A tsallaken iyaka akwai wani Badande, ɗan ƙabilar Dandawa, mai gyaran jikin mota. Na bayyana masa komai. Ya ce ƙarfen ya miƙe ne, sai an tsuke shi da wuta, kuma yana da fitilar gas ta walda. Na ce ya zo mu tafi wurin Kawu, amma ya bar ta a gida. Ya dube ni, ya gane.

Da muka iso ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce, "Baba, ba ni da wuta. Ina son ƙarfe mai jan gaske, kuma ban san gawayinku ba."

"Kai da anka ɗauko tun daga Dahome, wuta ad da wuya gare ka?"

"Ita fa, Baba."

Kawu ya yi tsaki, amma ya jawo zugazugi. Ya gasa kan wani ƙarfe mai kauri, ya ɗora a ƙololuwar kumburin har wuri mai faɗin kwabo ya yi ja. Badanden ya tara ƙarfe ta baya, ya bi gefen jan da ƙaramar guduma a hankali, yana koro shi tsakiya, sannan ya danna jiƙaƙƙen tsumma. Wurin ya yi cuu, ya ja jikinsa. Suka koma gaba kaɗan. Da baƙon ya yi hanzarin kai guduma, Kawu ya riƙe masa hannu.

"Dakata, yaro, bai nuna ba."

Gaskiyarsa ne kuwa. Kafin la'asar Kawu ya karɓi gudumar da kansa. Ya shafa wurin da tafin hannu, ya danna, bai motsa ba.

"Ashe ƙarfe na komawa baya," in ji shi. "Tun ina yaro nike miƙa shi, ba wanda yag gaya mini."

Aka mayar da ƙofar, ta rufu, ko da yake sai an ɗan ɗaga ta. Ban taɓa gyara wannan ba har na sayar da lorin. Washegari zan tafi lodi na bi ta bakin maƙera, na tarar da hayaƙi, Kawu yana faɗa da wani manomi a kan bakin garma.