Jar Jarkar da Na Ajiye wa Gaɗa

Shekaru da yawa na yi ina jan wayit a Jidda, wato motar dakon ruwa, kuma a duk shekarun nan babu abin da nake taƙama da shi kamar idona. Nakan hango ƙusa a kan kwalta tun taya ba ta kai gare ta ba. Matata takan ce idona ba ya ganin takalmin da na yar a tsakar ɗaki, sai dai aibin tuƙin mutane, ni kuma in ce mata ai da wannan idon ake cin tuwo a gidan nan. To, tsuntsuwa ɗaya ce ta ƙaryata ni, wadda girmanta bai wuce na tattabara ba.

A lokacin akwai wani garken tumaki da nake kai wa ruwa kullum da hantsi, can gabas da Abhur inda gine-gine suka ƙare. Daga Ammariyya nake fitowa bayan asuba, in bi layi in cika tanki, in miƙa arewa. Sai a bar kwalta a hau burji, daga burji kuma a gangara wata siririyar hanya da ta kutsa cikin wani kwari mai itatuwan ƙaya. 'Yan Jidda in sun ji na ce daji sai su yi dariya, amma daji ne daidai gwargwado. Itatuwan masu faɗin kai ne kamar laima, ƙasan kuwa tsakuwa ce zalla, ja-ja da baƙi-baƙi da ruwan toka, ga busassun ganye da kashin tumaki sun gauraye da ita.

Mai tsaron garken wani dattijo ne, Bahaushen Sudan. Kakanninsa sun taso Makka a ƙafa suka yada zango a Sudan ba su ƙara gaba ba, shi ne ya zo ya ƙarasa musu tafiyar. Baba nake ce masa. Shi ba mai yawan magana ba ne, ni kuwa bakina ba ya hutawa, don haka muka dace. Kullum in na gama juye ruwa zai miƙo mini shayi, ya saurari surutuna, sannan ya ce Hausata ta sha Larabci har ta salance, kamar shayin da aka cika wa ruwa.

Tankin garken yana ƙarshen hanya ne, kuma babu inda mota za ta juya sai wani ɗan fili a tsakanin itatuwa uku. A nan nake juyawa kullum, a nan mai motar ciyawa ma yake juyawa duk bayan kwana uku. Wata rana na gama aiki, na hau mota na fara karya kanta zuwa filin, sai ga Baba tsaye a gabana ya ɗaga sanda. Na danne burki har haƙorana suka haɗu. Na leƙo ta taga na fara zazzaga masa faɗa, ina tambayarsa ko ya gaji da duniya ne yake so ya tafi ta hannuna. Hannu kawai ya yi mini in sauko, kuma in yi shiru.

Ya ja ni muka tsaya kamar taku bakwai daga gindin ɗaya daga cikin itatuwan, ya nuna mini ƙasa da haɓa, ya ce in duba. Na duba, tsakuwa. Na sake dubawa, tsakuwa dai da ganye. Na ce masa in maciji ne ya faɗa mini in yi ta kaina, ina da gidaje biyu da ke jiran ruwa. Ya ce tsuntsuwa ce kwance a kan ƙwai. Na ware ido, na ƙanƙance ido, na durƙusa, na miƙe. Wallahi har raina ya fara ɓaci, don na ɗauka tsohon nan wasa yake yi da hankalina.

"Kada ka nemi tsuntsuwa," in ji shi a hankali. "Nemi ido. Duk filin nan babu abu mai danshi sai shi."

Na daina neman fukafukai da baki, na bar idona yana bin ƙasa sannu a hankali. Can sai na ga wani ɗan baƙin ɗigo mai sheƙi, kewayayye, yana kallona. Daga wannan ɗigon sai tsuntsuwar ta fara haɗuwa a gabana. Abin da na ɗauka tsakuwa ne ashe kai ne. Inuwar ƙayar da nake gani ashe zanen bayanta ne, layi-layi, baƙi a kan ruwan ƙasa. Busasshen ganyen da ke gefe ashe jelarta ce. Ta lafe ƙasa ko numfashi ba ka gani, tana nan tun ɗazu a inda na zuba wa ido har sau goma. Ban san lokacin da na ce subhanallahi ba, kuma na daɗe rabon da in faɗe ta har cikin raina kamar ranar. Na ƙifta ido sau ɗaya, ta ɓace, sai da na sake nemo idon sannan ta dawo.

Baba ya ce Larabawan wurin suna ce mata gaɗa, 'yar uwar makwarwa ce ta nesa, kuma ba ta gina sheƙa, ɗan gurbi kawai take tona a ƙasa ta zuba ƙwai. Ya nuna mini sawun tayata na jiya. Bai fi kamu uku ba tsakaninsa da ita. Da na koma gida na ba matata labari, ta yi ta dariya, ta ce ita gaɗar da ta sani ta 'yan mata ce da tafi da waƙa, yaushe kuma na fara zuwa kallon gaɗa a daji da furfurata.

Kwana na yi da tunanin sawun tayar nan. Mu direbobi abu ɗaya muka sani: in akwai rami ko wani abin da ba a so a taka, a sa masa alama. A jefa tsohuwar taya, a kafa dutse, a ɗaura ƙyalle. Washegari kuwa ranar mai motar ciyawa ce, mutum ne mai gaggawa wanda ba ya duba ƙasa. Don haka na ɗauko wata jar jarka da nake da ita, na cika ta da yashi don kada iska ta kwashe ta. Da na isa, Baba ya kora tumaki ƙasan kwari. Na lalubo wurin da ƙyar, na matsa kusa har tsuntsuwar ta tashi fir daga ƙarƙashin ƙafata. Sai ga ƙwai uku, dogaye-dogaye, masu ɗigo-ɗigo, su ma in ba don na ga inda ta tashi ba da ban gan su ba. Na dasa jarkar a gefensu, na kaɗe hannu, na lallaɓa na juya motata ta can gefe. Ina tuƙi ina jin daɗin kaina, har ina cewa tsohon nan yana da ido amma ba shi da dabara.

Kashegari tun daga nesa na hango hankaki biyu a kan itacen. Baba yana zaune a bakin garke, jarkata tana gefensa, babu shayi a kan wuta. Na yi sallama ya amsa a taƙaice. Sannan ya buɗe tafin hannunsa, sai ga ɓawon ƙwai, rabi, cikinsa ya bushe.

Duk da haka bakina bai fasa halinsa ba. Na fara kare kaina, ina cewa ai don kada a taka na sa, ai taimako na yi, ai kowa ya san haka ake yi. Ya bar ni sai da na ƙare.

"Ɗana, ita ba ta da ƙaho, ba ta da dafi, ba ta da ƙofa," ya ce. "Abin da Allah ya ba ta ke nan, ba a ganinta. Kai kuma ka zo ka kafa mata allo."

Hankakin Jidda, in ji shi, sun san duk inda ɗan Adam ya ajiye abu akwai abin ci a kusa. Kukansu ya jiyo da azahar, ya rugo da gudunsa na tsufa, ya tarar sun riga sun fasa ɗaya. Ya ɗauke jarkar, ya share sawuna da reshen ƙaya, ya zauna can nesa yana jifansu har rana ta faɗi. Na tambaye shi ko uwar ta dawo. Ya ce ta dawo, amma hankakin ba su manta ba. Kunya ta rufe ni. Na tsaya da makullin mota a hannu kamar wanda aka kama da sata.

Baba ne ya san yadda aka yi da hankakin. Ya ɗauki jarkar nan tawa ya kai ta can bayan garke, nesa da itatuwan, ya zuba ragowar shinkafa a gindinta. Kwana biyu suka koma can da zama. Ya ce tunda sun yarda da jarka, to su bi jarka.

Saura mota. Babu alama yanzu, ni kuma in na ɗauke ido na minti ɗaya sai wurin ya ɓace mini. Yaya zan juya wayit a filin da na san akwai rai biyu a ciki amma ban san takamaimai inda suke ba? Na ce halas, shi ke nan, na daina juyawa. Da baya zan riƙa fita har burji. Wanda bai taɓa jan babbar mota ba ba zai gane abin da na ɗora wa kaina ba. Hanya ce siririya mai lanƙwasa huɗu, ƙaya tana kartar fenti hagu da dama, wuya ya ƙage, gumi yana shiga ido. Kullum sai na zagi kaina da jarkar da wanda ya ƙera ta kafin in kai burji. Mai motar ciyawa ya ce shi ba zai yi wannan hauka ba saboda tsuntsuwa, don haka Baba ya ce ya riƙa sauke kayansa a bakin hanya. Da baro tsohon yake kwasowa, in na tarar in kama masa.

Mun fi mako biyu a haka. Kowace safiya, ruwa yana zuba a tanki, ni ina tsaye daga nesa ina neman ido. Wata rana in same shi nan da nan, wata rana sai tanki ya kusa cika. Ranar da na makara har rana ta take, na gan ta kwance a kan tsakuwar da ba za ka iya taka ta ba takalmi ba, maƙogwaronta yana rawa don zafi, amma ko gezau. Baba ya ce a irin wannan lokaci ba ɗumama ƙwan take yi ba, inuwa take yi musu da jikinta kada su dahu. Na koma mota na kunna sanyi, sai na ji kunyar sanyin ma.

Famfon bayan motata yana ɗan ɗiga, kuma inda nake tsayawa ruwan yakan taru ya yi ɗan tafki kamar faɗin tire. Wata safiya muna shan shayi Baba ya dafa gwiwata. Namijin gaɗar ne ya sauka a bakin ruwan, ya fi macen haske kaɗan. Ya sha, sannan ya shiga tsakiya ya tsuguna, ya buɗe gashin cikinsa yana jijjiga jiki gaba da baya. Na ɗauka wanka yake yi. Ya daɗe a haka, sannan ya tashi da nauyi ya sauka kusa da gindin itacen, ya miƙe tsaye ya turo ciki gaba.

Sai ƙasa ta motsa. Tsakuwa biyu suka tashi da ƙafafu suka rugo wurinsa, 'yan mitsi-mitsi, kowanne bai fi babban yatsana ba. Suka cusa bakunansu cikin jiƙaƙƙen gashin suna tsotsa. Ashe ruwa ya ɗebo musu a jikinsa. Ni da nake ganin na san dakon ruwa, da injina da tiyo da layin da nake bi tun asuba, ga wanda aka koya wa sana'ar tun kafin a ƙera ƙarfe. Idona ya ciko, ban ɓoye ba. Na ƙirga su, biyu. Na san inda na ukun ya tafi, kuma na san wanda ya nuna hanya.

Don in gani da kyau na miƙe tsaye, kofin shayin ya zame daga gwiwata ya bugi dutse. Uwar, wadda ban ma san tana wurin ba, ta yi wani ɗan sauti ƙasa-ƙasa. Namijin ya tashi sama. 'Ya'yan kuwa ba su gudu ba, ba su shiga rami ba, ina kallonsu suka lafe, shi ke nan babu su. Fili ne fetal a gabana, rana tana haska kowane dutse. Na nemi ido kamar yadda aka koya mini, na bi wurin taku-taku da kallo, na dawo na sake bi. Wannan karon ko idon ban samu ba.

"Me ka gani?" Baba ya tambaye ni.

"Ban ga komai ba, Baba."

"Madalla," ya ce, ya sunkuya ya ɗauki kofin.

Na naɗe tiyo na hau mota. Ya ce mini nan da kwana kaɗan za su bar filin, ina iya komawa juyawata. Na ce masa to, ta yaya zan san sun bari? Ya yi murmushi ya shiga ɗauraye kofin. Na sa giyar baya na kama madubi, kuma har na daina kai ruwa garken nan da baya nake fita.