Mai Juya Cikin Riga

A layin 'yan gwanjo, yarinyar nan da ta zo da uwarta ba ruwanta da ado. Kowace rigar makaranta ta ɗauka sai ta juya cikinta, tana bin ɗinkin da farce, tana neman rarar da tela zai saki. Ba ta wuce sha huɗu ba, amma kafaɗunta a ranƙwafe suke, tana rungume da jaka tana ɓoye tumbi.

"Kai, 'yammata!" in ji mai gwanjo. "Wannan jiki ai na 'yan hutu ne!"

Hutun me, sarkin surutu? Dubi silifas ɗin uwar, kowace ƙafa da launinta. Ƙibar abinci mai arha ce. Da 'yar masu hali ce, da tuni likita na sauraron damuwarta.

"Zaɓi mana, 'yar nan," uwar ta ce a gajiye. "Sati uku kina ƙunshe a ɗaki tun da waccan rigar ta yage miki a aji. Litinin za ki koma."

Yarinyar ta kama ɗinkin wata riga da hannu biyu, ta ja iya ƙarfinta. Bai yage ba; in an sayi wannan, ba sauran uzurin ƙin komawa aji. Ta ajiye rigar a hankali.

"Mama, mu duba gaba."