Jan Katin da Ya Jira Ni a Ƙofar Na'isa

Jan kati ɗaya na taɓa samu a rayuwata ta ƙwallo, shi ma ba don kaina ba. Ƙungiyarmu ta Sheshe na buga gasar unguwanni, wani ƙato ya kwashe ƙafafun aminina, ɗan wasan gabanmu, ya kuma taka masa ƙwauri yana ƙasa. Ni kuwa da ma ba a san ni da haƙuri ba. Na baro baya a guje na hankaɗe ƙaton, alƙalin wasa ya zaro ja. Ni na goyo aminin nawa har ƙofar gidansu.

Satin bai ƙare ba bama-bamai suka tashi a gari. Aka sa dokar hana fita, sojoji suka kafa shingaye, gasar ta mutu ba wanda ya sallace ta. Alƙalin wasan ya kwashi iyalinsa ya bar Kano. Su aminina ma suka koma Kabuga, don gidansu na jikin ofishin 'yan sanda.

A ƙa'idar dattawan da ke shirya mana wasa, jan kati ba ya mutuwa da gasa. Bin mutum yake zuwa ta gaba, sai ya zauna wasa guda a waje. Amma wa ke ta kati ana ta kai gawa maƙabarta? Kowa ya manta, har ni.

Da hankali ya fara kwanciya aka buɗe sabuwar gasa a filin Ƙofar Na'isa. Na buga kowane wasa, ba wanda ya ce uffan, har muka kai wasan ƙarshe. Da 'yan Kabuga za mu kara, ɗan gabansu kuwa aminina ne. Babu mai tsaron bayan da ya san ƙafarsa kamar ni. Har tsokanarsa nake yi cewa ko warin raga ba zai ji ba.

Bayan la'asar, ina ɗaure igiyar takalmi, sai na hango shi ya durƙusa gaban shugaban dattawan.

"Baba Alhaji, lamba biyar ɗinsu akwai jan kati a kansa tun gasar da aka fasa."

Dattijon ya yafito ni. "Ɗana, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"To ko ka zauna, ko a miƙa musu kofi."

Ƙa'ida ce, ban ja da ita ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne aminina yana sane tun wasan farko. Da ya raɗa min, da na zauna a lokacin an wuce wurin. Sai ya adana maganar, muna cin tsire tare, har ranar da za ta yi masa amfani.

Na tuɓe jesi na ba wani, na tsaya bakin layi. Ina kallo ya yanke wanda ya maye gurbina, ya ɗaga raga. Da aka tashi ya nufo ni da murmushi, ya miƙo hannu. Ni ƙwaurinsa nake kallo. Tabon takalmin ƙaton nan na nan, kuma da ƙafar ya ci mu.