Duriyan ɗin Malamata

Tun ina yaro aka koya min cewa idan babba ya yi magana, amsar ɗaya ce: "To." Da wannan "to" ɗin na sauka Kuala Lumpur neman digirin dakta a kan ƙwarin da ke cinye wake a rumbu, kuma saura ƙiris ta kai ni ƙasa.

Mai duba aikina wata farfesa ce 'yar Malesiya, sa'ar mahaifiyata, ga kirki. Da lokacin duriyan ya kama sai ta kawo mana shi ofis. Ga wanda bai san shi ba, ɗan itace ne mai ƙaya, warinsa kamar albasar da ta ruɓe a cikin takalmi. Ta miƙo min, na ce, "To." Na haɗiye ina hawaye, ita kuwa ta ce daɗi ne ya ratsa ni, ta ƙaro min. Da na koma gida a unguwar Sri Petaling, matata ta toshe hanci, ta miƙo min tuwona baranda. Haka muka yi ta yi duk shekara.

Aikin ma haka. Sauya babi na uku, to. Mayar da shi yadda yake, to. Rannan ta ajiye biro ta ce, "Wai kai ba ka da ra'ayi ne? Ranar kare aiki ba ni da ikon buɗe baki. Ka ce wa masu jarrabawa 'to', sun kayar da kai."

Na ce, "To."

Ta dafe kai. Ni kuwa ga tallafin karatuna ya zo ƙarshe. In na faɗi, sai dai in tattara iyali mu koma Kano hannu rabbana.

Ranar ta zo. Malamata na zaune can baya. Wani dattijo cikin masu jarrabawar ya ce a cire babi na biyar ɗungurungum, wai me ya hana manomanmu zuba waken a ɗakin sanyi?

Ɗakin sanyi! A ƙauyenmu da ko turken wuta babu! Na tuna shekarar da babana ya buɗe rumbu ya tarar waken ya zama gari.

"Kai! A'a wallahi!" Da Hausa ta fito. Na miƙe na zazzage masa bayani da Turanci har da buga tebur. Da suka ce in jira a waje, na riga na fara tunanin yadda zan sanar da matata.

Suna kirana suka ce, "Barka, Dakta." Dattijon har da rungume ni.

A ofis malamata ta fasa duriyan don murna, ta miƙo min tsoka guda. Na dube shi, na dube ta.

"Malama, ba na so. Ban taɓa so ba."

Ta ƙyalƙyale da dariya har tana share ƙwalla. "Tun ranar farko na sani," in ji ta. "Jira nake ka faɗa."